Yadda ake amfani da "hold on tight" a Turanci

Jama'a, assalamu alaikum. A ce ka hau bayan babur, mai tuƙi ya hango gargada a gaba, sai ya ce maka, "Riƙe gam!" To, da Bature ne, abin da zai ce shi ne "hold on tight".

Kalmomi uku ne. "Hold" riƙewa ke nan, "tight" kuwa ita ce gam ɗin. Ta tsakiyar, wato "on", ita nake so ku fi lura da ita. Aikinta nuna ɗorewa: ka riƙe, ka ci gaba da riƙewa, kada ka saki sai an wuce wurin haɗari.

Idan za ka ambaci abin da aka riƙe, dole ka sa "to". Igiyar guga ce? "Hold on tight to the rope." Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, su ce "hold on tight the rope". Wannan kuskure ne. In ba ka son "to", sai ka cire "on" ɗin ma, ka ce "hold the rope tight".

A Landan an daɗe ana jin 'yar'uwar wannan magana a cikin motocin haya. Jajayen bas-bas masu hawa biyu, irin Routemaster, ƙofarsu ta baya a buɗe take, ba murfi. Kwandasta kan ce "hold tight, please", ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, sannan direba ya ja mota. A shekarar 2005 aka janye su daga jigilar yau da kullum.

Wani lokaci kuma babu abin riƙewa sam. Abokinka zai ba ka labari mai girgiza zuciya, sai ya fara da "hold on tight". Nufinsa ka gyara zama, ka shirya.

Wasu malamai kan nace sai an ce "tightly". Ni dai a ganina ba sai an takura ɗalibi ba, duka biyun daidai ne, amma a bakin masu harshen "tight" za ka fi ji.

Sai a kiyaye abu guda: da zarar "tight" ta fita, ma'ana na iya sauyawa. Wanda ka kira a waya ya ce maka "hold on", cewa yake ka ɗan dakata, kada ka katse kiran, yana zuwa.