Inabi Ɗaya, Suna Biyu: Yadda Syrah ta Faransa Ta Zama Shiraz a Ostireliya

Idan aka ajiye kwalabe biyu na jar giyar inabi, ɗaya an rubuta mata Syrah daga Faransa, ɗaya kuma an rubuta mata Shiraz daga Ostireliya, mai saye zai ɗauka cewa daga inabi iri biyu aka yi su. Amma irin inabin ɗaya ne. Da yawa daga cikin masu karatunmu ba sa shan giya saboda addini, sai dai batun da ke gabanmu na noma ne da yanayin ƙasa, wato yadda tsiro ɗaya yake ba da amfani mai ɗanɗano daban idan aka sauya masa wuri.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne cewa ba a shuka irin wannan inabi daga ƙwallonsa. Reshe ake yankowa a dasa, kamar yadda manomi yake yi da rogo ko rake, saboda haka kuringar da ke Ostireliya a yau tamkar ci gaban jikin wadda aka yanko a Faransa ce. Ke nan yawancin bambancin da za a ji a baki ba daga irin ya fito ba.

An daɗe ana ba da labarin cewa asalin inabin birnin Shiraz ne na ƙasar Iran, har wasu suna cewa wani mayaƙi ne ya zo da shi Faransa a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Labarin yana da daɗin ji, amma binciken ƙwayoyin halitta da Carole Meredith ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta yi tare da masana na birnin Montpellier da ke Faransa a ƙarshen shekarun 1990 ya rushe shi. An gano cewa iyayen Syrah wasu inabi biyu ne na kudu maso gabashin Faransa waɗanda ba su yi suna ba, Dureza mai baƙar fata da Mondeuse Blanche mai farar fata.

Gidan Syrah na asali shi ne arewacin kwarin kogin Rhône, kudu da birnin Lyon. A can gonakin suna manne da gangaren tuddai masu tsauri, a wurare irin su Hermitage da Côte-Rôtie, inda mota ba ta iya shiga wasu gonakin, sai dai a yi aikin da hannu. Ma'anar Côte-Rôtie ita ce gasasshen gangare, domin yana fuskantar rana, amma duk da wannan suna yankin yana da sanyi idan aka kwatanta shi da kudancin ƙasar, kuma inabin yana nuna a hankali har zuwa watan Satumba ko farkon Oktoba. Sannu a hankalin nan shi ne yake bar masa tsaminsa, ya kuma hana sukari yin yawa. Giyar da ke fitowa tana da matsakaicin ƙarfi, tana da bauri, masu ɗanɗanawa kuma sukan ce suna jin ƙamshin zaitun da hayaƙi da masoro a cikinta. Dokar Côte-Rôtie ma ta yarda a haɗa da farin inabin Viognier har kashi 20 cikin 100 don ƙara ƙamshi, ko da yake yawancin manoma ba sa kaiwa haka.

Wannan ƙamshi na masoro ba ƙirƙirar masu talla ba ce. A shekarar 2008 masu bincike a cibiyar nazarin giyar inabi ta Ostireliya da ke Adelaide suka bayyana sinadarin da ke kawo shi, mai suna rotundon, wanda yake cikin baƙin masoro kansa. Sinadarin yana taruwa a fatar inabin, ya fi yawa a wurare masu sanyi, kuma yana raguwa inda zafi ya tsananta. Wani abin mamaki shi ne kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshinsa ko kaɗan, don haka mutum biyu za su iya yin gardama a kan kofi ɗaya, kowannensu kuma yana da gaskiya.

Zuwansa Ostireliya ana danganta shi da wani ɗan Birtaniya mai suna James Busby, wanda ya zaga gonakin Sifen da Faransa, ya aika da rassan inabi iri-iri zuwa Sydney a shekarar 1832. Inabin ya sami gindin zama sosai a kwarin Barossa da ke jihar Ostireliya ta Kudu, inda baƙi 'yan ƙaura masu jin Jamusanci suka zauna a farkon shekarun 1840. A nan rana tana da ƙarfi, ruwan sama kaɗan ne a lokacin da inabin yake nuna, girbi kuma yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu saboda ƙasar tana kudancin duniya. Zafi yana cika 'ya'yan da sukari, shi kuwa yisti sukari yake mayarwa barasa, saboda haka Shiraz ta Barossa takan kai kashi 14 da rabi ko 15 cikin 100, alhali ta arewacin Rhône takan tsaya wajen kashi 13. Launinta ya fi duhu, ta fi kauri a baki, ƙamshin masoro ya ja baya, na nunannun 'ya'yan itace da cakulan ya shigo gaba.

Akwai kuma wani juyin tarihi da ya sa wasu kuringun Barossa suka girmi na Faransa. Tun daga shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, wanda ya shigo daga Arewacin Amurka, ya hallaka yawancin gonakin inabin Faransa. Mafitar da aka samu ita ce a yi wa inabin Turai aure a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure. Ƙwaron bai shiga Ostireliya ta Kudu ba, shi ya sa har yanzu akwai kuringun Shiraz da aka dasa a shekarar 1843 a gonar Langmeil, suna tsaye a kan saiwarsu ta asali, suna kuma ba da 'ya'ya.

A ganina kuskure ne a ɗora komai a kan rana da ƙasa, domin hannun mutum yana ciki dumu-dumu. Manomi ne yake zaɓar ranar girbi, kuma jinkirin mako biyu kaɗai yana iya sauya tsami da sukari. Haka nan gangar katakon da ake ajiye giyar a ciki tana barin nata ƙamshin. Faransawa sun saba da itacen ok na ƙasarsu, wanda tasirinsa yake da sauƙi, yayin da Max Schubert na kamfanin Penfolds da ke Ostireliya, wanda ya fara gwada shahararriyar giyar Shiraz mai suna Grange a shekarar 1951, ya yi amfani da sababbin gangunan ok na Amurka masu ƙamshin banila da kwakwa, wasu da dama kuma suka bi sahunsa. Tsawon shekaru ana sayar da ita da sunan Grange Hermitage, kafin a cire kalmar Hermitage, tun da sunan wuri ne a Faransa.

Sauran ƙasashe sun rabu tsakanin waɗannan hanyoyi biyu. A Hawke's Bay ta New Zealand, inda ake da sanyi, Syrah suke rubutawa, giyarsu kuma ta fi kama da ta Rhône. A Afirka ta Kudu, a Stellenbosch da Swartland, ana amfani da sunayen biyu duka, kuma sau da yawa mai gona yana zaɓar sunan ne don ya sanar da mai saye salon da ya bi, Syrah idan ya yi girbi da wuri yana neman tsami da masoro, Shiraz idan ya bar inabin ya nuna sosai. A Ostireliya ma, wasu manoman wurare masu sanyi kamar kwarin Yarra da ke jihar Victoria sun koma rubuta Syrah a kwalabensu, don kada a ɗauka irin ta Barossa suke sayarwa.