Kuɗin Banki da Gumin Ma'aikatansa: Ta Wace Ƙofa Suke Shiga Unguwa?

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka gabatar bayan sallar isha'i ga dattawa da matasan Hausawa mazauna Makka. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da ke can ɓangarensu, 'yan uwa matasa, assalamu alaikum.

Duk shekara da Sha'aban ya raba tsakiya za ka fara jin ƙorafi, daga Shari' Mansur har Hindawiyya: banki kaza ya raba kaya a wuri kaza, mu me muka yi aka tsallake mu? Ba tsallake ku aka yi ba. Banki ba ya bin lungu-lungu yana neman mabuƙaci. Yana da ƙofa, kuma yawancinmu ta taga muke ƙwanƙwasawa.

Kuɗin alheri da ke fita daga banki ba daga aljihu ɗaya yake fitowa ba. Akwai zakka, wannan ku cire rai da ita, don ba bankin ke raba ta ba. Yana biyan ta ga hukumar zakka da haraji da kwastan, daga can ta tafi asusun tallafin da ake kira daman, wanda na 'yan ƙasa ne. Duk takardar da aka rubuta wa banki ana roƙon zakkarsa an yi asarar tawada. Akwai kuma kuɗin tsarkakewa. Idan mai bashi ya yi jinkirin biya aka ci shi tara, kwamitin shari'a na bankin ba ya barin a lissafa wannan tara cikin riba, dole a fitar da ita zuwa ayyukan jinƙai. Malamai da yawa sun fi son irin wannan kuɗi ya tafi ga magani da abinci da biyan buƙatar talaka, ba ginin masallaci ko sayen Alƙur'ani ba.

Aljihu na uku shi ne namu: kasafin da banki ke warewa don hidimar al'umma, abin da Larabawa ke cewa mas'uliyya ijtima'iyya. Bankin Ahli yana da shirinsa mai suna Ahalina, Bankin AlJazira yana da Khair al-Jazira li Ahl al-Jazira, sauran ma kowa da nasa. Hukuncin wannan kuɗi a babban ofishi ake yanke shi, a Riyad ko Jidda. Manajan reshen da ke bakin titinku, ko da ɗan unguwa ne kuna salla a sahu ɗaya, ba ya da ikon sa hannu a kan riyal guda. Kada ku takura masa.

To ina ƙofar? Ƙungiya mai lasisi. Banki ba zai tura kuɗi asusun Alhaji wane ba, komai amanarsa, domin doka ta hana tara gudummawa ba tare da izini ba. Wannan ina roƙon matasa su ji da kyau: yaɗa lambar asusun mutum a WhatsApp da sunan taimakon marayu laifi ne a ƙasar nan, ko da niyya tana da kyau, kuma asusun kan iya rufuwa. Tun 2021 akwai dandalin Ehsan don sadaka ta hanyar hukuma, akwai kuma cibiyar ƙasa mai kula da ƙungiyoyin jinƙai, ita ke ba da lasisi. Kafa sabuwar ƙungiya yana buƙatar 'yan ƙasa aƙalla 10, kuma muna da su a cikinmu, masu sunan Hausawi da Barnawi da Fallata ba su ƙirguwa. Amma shawarata kada a fara da kafawa. A shiga ƙarƙashin wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta, kamar cibiyoyin unguwanni, a zama reshen aikinta a unguwa.

Takardar neman tallafi kada ta wuce shafi biyu ko uku. A faɗi gidaje nawa, a wane yanki, wa ya tantance su kuma ta yaya, me za a saya, nawa ne kuɗin kowane abu, yaushe za a gama. A haɗa da takardar farashi daga 'yan kasuwa uku. Wurin da aka fi faɗuwa shi ne harajin saye, wanda yake kashi 15 cikin 100 tun 2020. A rubuta kasafi ba tare da shi ba, banki ya amince da riyal 60,000, a je wurin biya a tarar ana neman 69,000. Wannan 9,000 daga bakin gidaje za ta fita. Haka kuɗin mota da na 'yan dako da hayar wurin ajiya, duk a rubuta su. Sannan lokaci: shekarar kuɗi ta banki daga Janairu take zuwa Disamba, kuma galibi ana tsara kasafin kafin shekarar ta kama. Wanda ya kai takardar azumi a Sha'aban ya makara da watanni.

Yanzu ga kwandon azumi, wanda kowa ya fi sani. Gidan mutum shida zuwa takwas, ma'auni mai kyau shi ne shinkafa kilo 10, sukari kilo 5, gari kilo 5, man girki kwalba biyu, madarar gari, ganyen shayi, taliya, tumatirin gwangwani. Dabino kaɗan ya isa, Makka a azumi ba ta rasa dabino. Kwalin kada ya wuce kilo 25, domin lungunanmu na kan dutse mota ba ta shiga, a kafaɗa za a hau da shi. A duba ranar lalacewa kafin a karɓi kaya, duk abin da saura wata uku ya lalace a mayar. Kuma a yi rajista guda ɗaya da umda, wato mai unguwa, ya sani, in ba haka ba gidan da ke bakin titi zai karɓi kwali huɗu daga wurare huɗu, tsohuwar da ke can saman dutse ba ta ga ko ɗaya ba. Dafaffen abinci kuwa, a zafin garin nan, shinkafa da nama kada su wuce awa ɗaya tsakanin tukunya da baki sai in akwai motar sanyi ko akwatin riƙe zafi.

Abin da gidaje suka fi roƙo bayan abinci shi ne mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Kyauta ce mai kyau, amma tana zuwa da jela. Irin na taga mai ƙarfin sanyi BTU 18,000 yana cin wuta kusan kilowat 2. A ce yana aiki awa 12 kullum, wata guda ya ci yunit 720. Kuɗin wutar gida halala 18 ne kowane yunit (halala 100 ne riyal ɗaya), ka ga kusan riyal 130 ke nan, da haraji ya doshi 150 duk wata. Bazawarar da ba ta da albashi, wa zai biya mata? Kafin a ɗaura, mai gyaran wuta ya duba gidan, ya ja masa waya tasa mai kauri da na'urar katse wuta tasa shi kaɗai. Tsofaffin gidaje da siririyar waya, a nan gobara ke tashi. In kuma gidan haya ne za a yi wa fenti ko gyaran banɗaki, a fara karɓar rubutaccen alƙawari daga mai gida cewa ba zai ƙara haya ba na wani lokaci, a sabunta yarjejeniyar a Ejar, dandalin hukuma na rajistar haya. In ba haka ba, an gyara wa mai gida gidansa, an kori talaka.

Na zo kan abin da ya fi damuna, wato ma'aikatan bankin kansu. Tsarin 2030 na ƙasar nan ya sa burin masu aikin sa kai miliyan ɗaya a shekara, akwai dandalin ƙasa da ƙungiya ke sanya aikin da take buƙata, ma'aikaci ya yi rajista, a rubuta masa awanninsa. Saboda haka bankuna suna neman inda za su tura mutanensu, musamman a azumi da ranar 5 ga Disamba, ranar aikin sa kai. Mu kuma da sun zo sai mu miƙa musu kwalaye su ɗauka. Mutumin da ya shekara goma yana binciken lissafi ka sa shi dako! Dako yaranmu sun fi shi iyawa, gayya ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ba mu da shi shi ne abin da ke kansa.

Ku nemi mutum biyu, ba ashirin ba, su riƙa zuwa awa biyu duk mako har wata uku. Ɗaya ya zauna da ma'ajin ƙungiya ya koya masa littafin shiga da fita, ajiye rasit, daidaita littafi da bayanin asusu duk ƙarshen wata. Ƙungiyar da ta iya wannan ita ce banki zai sake ba wa kuɗi baɗi. Ɗayan, in mace ce ya fi, ta zauna da iyaye mata masu sana'ar gida, masu tsire da masa da turaren wuta da ɗinki, ta nuna musu yadda ake fitar da kuɗin kaya da gas da leda da ladan hannu kafin a sa farashi, da raba jarin sana'a da kuɗin cefane. Mata da yawa suna sayarwa kullum, jari na narkewa ba su san ta ina ba.

Sai zaman dattawa kan 'yan damfara. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ko lambar da aka turo masa a waya, kuma duk wanda ya ce ka danna amincewa a Nafath, manhajar hukuma ta tabbatar da ko kai wane ne, kan abin da ba kai ka nema ba ɓarawo ne. Wannan magana a bakin ma'aikacin banki ta fi nauyi, kuma a sa mai fassara zuwa Hausa. Matasa kuma a faɗa musu kada su ara wa kowa asusunsu ya wuce da kuɗi don a ba su ɗan kamasho, sunanka ke kan asusun, kai za a kama. A nuna musu ƙa'idar babban banki: abin da ake cira daga albashi don bashi ba ya wuce kashi ɗaya bisa uku, ga ɗan fansho kashi ɗaya bisa huɗu, kuma duk jinkirin biya yana shiga rajistar masu bashi ta SIMAH ya bi mutum.

Iyaka biyu a kiyaye. Kada a roƙi ma'aikaci ya leƙa asusun wani don a gane ko da gaske talaka ne, wannan zai raba shi da aikinsa. Kuma banki zai nemi hoto don rahotonsa, a yarda tun farko a rubuce: hoton kaya da na masu aiki, ban da fuskar mai karɓa, ban da ƙofar gidansa.

Tambaya daga ɓangaren mata: Malam, waɗanda iƙamarsu, takardar zamansu, ta mutu ko ba su da ita sam, su ne suka fi yunwa. Yaya za a yi da su?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce tambaya mai ciwo. Kuɗin banki yana tafiya da lambar shaida, domin ƙungiya za ta ba da rahoton wanda ya karɓa. Kada a rubuta su da lambar wani, ranar da aka gano za a rufe wa unguwar gaba ɗaya ƙofa. Abin da za a yi, gidajen da ke da takarda a ɗora su kan tallafin ƙungiya, sai sadakar da maƙwabci ke fitarwa daga aljihunsa da tukunyarsa ta koma ga waɗancan, hannu da hannu, ba tare da tara kuɗin jama'a ba. Sannan a ware matasa biyu masu Larabci da haƙurin bin layi, su riƙa raka su ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya ko na Nijar a Jidda a fara da fasfo, don babu gyaran da ke yiwuwa kafin shi.