Wuƙa a Jakar Ɗan Lakwal: Laccar da Aka Gabatar a Tahoua

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai ƴan'uwana, da ku ɗalibai, sannunku da zama cikin wannan zafi.

Maganarmu ta yau kan makami a makaranta ce. Mu fara leƙa Amurka. A 1990 majalisarsu ta hana riƙe bindiga a makaranta da kewayenta, tazarar kamar mita 300. A 1995 Kotun Ƙoli ta soke dokar a shari'ar Lopez, wani ɗalibi a San Antonio da ya je makaranta da ƙaramar bindiga. Alƙalai suka ce majalisar tarayya ta wuce gona da iri, sai aka gyara dokar a 1996. Jami'o'i kuwa, kowace jiha da tsarinta. Bayan kisan mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, wasu suka ce da ɗalibai na riƙe da bindiga da sun kare kansu. Jihar Texas ta bi wannan ra'ayi: daga 1 ga Agusta 2016, mai lasisi yana iya shiga jami'ar gwamnati da bindiga a ɓoye. Wallahi ban yarda da wannan ba. Ta yaya malami zai ba ɗalibi sifiri alhali idonsa na kan ƙugun yaron?

To, mu dawo gida. A nan bindiga sai da izinin hukuma. Abin da muke gani a aji wuƙa ce.

Lokacin da nake koyarwa a wani kwaleji na karkara, na taɓa buɗe jakar wani yaro, sai ga wuƙa cikin jan kube na fata, kwance tsakanin littattafai. Jikinsa na rawa ya ce: "Mushe, ciyawar awaki nake yanka in na tashi." Tun asuba ya fito daga ƙauyensu a ƙasa. Ban yi shakkar maganarsa ba. Amma faɗan yara lokacin hutu ba ya sallama, kuma wuƙar ciyawa ita ma tana huda ciki. In an kore shi, an zalunce shi. In an ƙyale, ranar da jini ya zuba wa zai amsa?

Shi ya sa nake roƙon diraktoci da ƙungiyar iyaye: a rubuta haramcin shiga aji da wuƙa ɓaro-ɓaro a dokar cikin gida, a karanta wa iyaye ita da Hausa da Tamajaq ranar komawa lakwal. Sannan a ajiye akwati mai kwado wurin mai gadi. Yaro ya ba da wuƙarsa da safe, a rubuta sunansa, ya karɓa in an tashi. Wanda ya ɓoye tasa bayan haka, a kira mahaifinsa ranar nan.

Alhaji, na ga hannunka tun ɗazu. Bismillah.