Katin Asibitin Talaka da Leda Bakwai ta Kawu

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da Kawu ya yi suɓul da baka makon jiya kan katin inshorar lafiya, ya ce bai kai ga talaka ba, wayata ba ta huta ba.

Kawu Isa: Ba suɓul da baka ba ne, 'yata. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya saboda asibitocin unguwa, shi ne asusun nan da ake kira BHCPF. A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ce inshora ta zama dole, aka ambaci marasa galihu miliyan 83. To ina suke? Mai ciki, tsoho, yaron da bai kai shekara 5 ba, da yawansu ko labarin ba su ji ba.

Bashir: Amma a Kano ai KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, na yi wa mutane rajista, Kawu.

Kawu Isa: Na san haka, ai ni na kai ƙanwata. Sai da aka nemi NIN, ba ta da shi, muka yi kwana uku muna layi. Kati ya fito, ta naɗe shi cikin leda.

Hadiza: Leda nawa?

Kawu Isa: Bakwai! Ledar burodi, ta Omo, ta magi...

Bashir: Ya fi katin zaɓe gata kenan.

Kawu Isa: Katin zaɓe leda biyu yake samu. Shi wannan har ƙarƙashin katifa, kusa da adashe.

Hadiza: Kakata a gwangwanin Nido take ajiye nata, sai ka bi ta zare da allura da goron bara kafin ka kai gare shi.

Kawu Isa: To ranar da zazzaɓi ya kwantar da ƙanwar tawa, muka je asibiti. An duba ta kyauta, an yi gwajin maleriya kyauta, ban yi ƙarya ba. Da aka zo magani sai ma'aikaciyar ta ce ya ƙare, ta rubuta takarda, ku je kemis. Kuɗin da muke gudu su muka biya, ga na adaidaita.

Bashir: Ɗan uwana a zangon Kumasi ya ce su a Ghana tun 2003 suke da tsarin, daga harajin saye da sayarwa ake cika asusun. Da *929# yake sabunta katinsa a waya. Amma shi ma "babu magani" ba baƙonsa ba ne.

Hadiza: Mun yi alkawarin faɗa wa masu sauraro inda za su je...

Kawu Isa: Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ku riƙe NIN. Ke Hadiza, gwangwanin nan, babba ne ko ƙarami?

Bashir: An kira sallah, Kawu.