Me ya sa launin shafin PowerPoint ke yin ratsi-ratsi a majigi?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan shafi na PowerPoint. Bayansa shuɗi ne da ke ta yin duhu a hankali har ya kusa zama baƙi. A kwamfutar da aka tsara shi, sumul yake. To ga shi bayan an haɗa da majigin ɗakin taro. Kun ga yadda ya yi ratsi-ratsi kamar tabarma? Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, zurfin launi ne ya gaza.

Kowane ɗigo da ke kan allo haɗin launi uku ne: ja, kore da shuɗi. Zurfin launi kuwa shi ne yawan matakan da kowannensu yake da su daga duhu zuwa haske. Da bit, ƙaramin ma'aunin bayanai na kwamfuta, ake auna shi. A tsarin da kowane launi ke da bit 8, kowannensu yana da mataki 256, wato launi miliyan 16.7 idan an haɗa. A tsohon tsarin bit 16, inda launukan uku ke raba bit 16 ɗin a tsakaninsu, ja da shuɗi mataki 32 kacal gare su, kore 64, jimilla launi 65,536.

Za ku ce ai wannan ma ya isa. Bari mu yi lissafi. A ce faɗin allonku ɗigo 1920 ne, kuma tsakanin shuɗin hagu da na dama akwai mataki 40. Kowane ratsi zai ci ɗigo 48, ido da ƙyar zai lura. Da an sauko bit 16, matakan nan 40 sun koma 5, kowane ratsi ya kai ɗigo 384. Ko wanda ke kujerar baya sai ya gani.

Su wa ke jawo wannan? Akwai allo masu araha da bit 6 suke aiki da shi, mataki 64, sai su riƙa walƙiya tsakanin launi biyu da sauri don su ruɗi ido. Remote Desktop, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, yakan rage launi idan an saita shi don intanet mai rauni. Zoom da Google Meet kuma matse hoto suke yi, wurare masu duhu su ne ke fara shan wahala. Hoton GIF, shi dama launi 256 ne iyakarsa.

Rubutu da launi bai ɗaya babu ruwansu da duk wannan. Shi ya sa ni a ganina, shafin da za a haska a majigin da ba ku sani ba, ku ba shi launi ɗaya ku huta. In dole sai kun yi launin da ke sauyawa a hankali, ku guji launuka masu duhu da suka yi kusa da juna, ku kuma taƙaita shi a ƙaramin wuri.

Idan kuma baƙi ya koma toka-toka, wata matsalar ce daban: kwamfuta da majigi ba su daidaita kan HDMI ba, wato wayar da ta haɗa su, ɗaya yana aiki da matakan haske 0 zuwa 255, ɗayan 16 zuwa 235. Ku shiga saitin hoto na kwamfutar ku mayar da su iri ɗaya.