Kafin ka zargi sifika, duba ɗakinka

An ɗauko wannan lacca ne daga wani zama da aka yi da matasa masu gyaran rediyo a wani ƙauye kusa da Ringim.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ku ɗan yi shiru in tafa sau ɗaya. Kun ji wannan ƙarar da ta biyo bayan tafin, tana karkarwa? Bangon nan ne da wancan suke jefa wa juna sautin. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa guda, to a ɗaki mai mita huɗu ku lissafa sau nawa zai je ya dawo kafin ya mutu. Shi ya sa mutum zai je Sabon Gari a Kano ya sayo sifika mai tsada, ya kunna a ɗakin siminti da tayil da rufin kwano babu silin, sai ya ji muryar mawaƙi ta cakuɗe da kiɗan, ya ce an cuce shi. Alhali da a ɗakin ƙasa na kakarsa ya kunna ta, mai rufin azara da gado da tulin kaya, da ya ji ta tangaram.

Maganin kuwa tsoho ne. A 1895 aka ba wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a gane maganar malami a cikinsa. Da matasan kujeru ya yi gwajinsa, yana kwaso su cikin dare yana auna yadda amon ke raguwa. Matashi fa, irin wanda kake jingina da shi!

To ka shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri tsakaninka da sifikun. Tabarma ma ta fi babu. Sannan ka zauna inda ka saba zama, ƙanenka ya riƙe madubi yana jan sa a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango sifika a madubin, nan ne sautin ke fara bugawa ya karkato kunnenka. Rataya bargo a wurin, ka ninka shi biyu, kuma kada ya manne da bango, bar masa tazara kamar faɗin hannu.

Sauti mai kauri, irin na ganga, shi ne mai taurin kai. Labule ba ya iya masa, domin a kusurwa yake taruwa. Ka janye sifika daga lungu, ka jingina tsohuwar katifa a can, ko ka jera buhunan tufafi.

Wani ya tambaye ni batun manna kiret ɗin ƙwai a bango don rage amo. Malam, bar shi a wurin mai kaji. Ya yi siriri, ga tara ƙura, ga saurin kama wuta. Kuma duk abin da na lissafa gyaran cikin ɗaki ne kawai, ba zai hana maƙwabci jin kiɗanka ba. Wannan sai dai ka rage murya, musamman lokacin salla.