Amsoshin Tambayoyinku: Gari Ya Dare Biyu, Kachala Na Cin Fadama

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako, kuma duk ƙafa ɗaya ce ke musu ciwo.

Ta farko ta fito ne daga wani matashi a ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa. Ya ce: "Tun zaɓen 2023 garinmu ya dare biyu. Majalisar gindin darbejiya ta rabu, har mai shayi kowa da nasa. Ga kachala ta toshe mashigar ruwan fadamarmu. An yi shelar gayya sau biyu, amma in 'yan wancan ɓangare suka kira, namu ba sa fita. Ina mafita?"

To ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bari mu fara da ita kachalar, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa. A da, kogin Haɗeja kan cika da damina ya ja baya da rani, ciyawa ta bushe, ƙasa ta huta. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudu rani da damina. Abin da kachala ke so ke nan. Tana riƙe laka, hanyar ruwa ta cushe, wata gonar ta nutse, wata kuma ta rasa ko ɗigo. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana, gari na wayewa su sauka a kan shinkafa. Ban taɓa jin tsuntsun da ya tsaya duba katin jam'iyyar mai gona ba.

Shawarata, kada ku fara da taron sulhu. In kuka tara mutane kuka ce yau za a yafi juna, kowa zai zo da tsohon lissafinsa, a tashi baram-baram. Ku fara da lauje. Matsalar shelarku biyu ita ce bakin da ta fito. Ku sami dagaci, shi ya sa sankira ya zaga, liman kuma ya nanata bayan sallar Juma'a. A ɗora sarkin noma a kan aikin, a kawo masunta don su suka san zurfin ruwa, su ke da kwalekwale. A yanke ta daga ƙarƙashin ruwa, don in aka sare ta a sama, kwana kaɗan ta tofo. Wajen rabon aiki kuma, a bi jerin gonaki, kowa da maƙwabcin gonarsa, ba da abokin majalisarsa ba. Kuɗin fura da goro a yi karo-karo, ko naira ɗari biyu-biyu ce, a rubuta a littafi, a karanta a bainar jama'a. In wani ɗan siyasa ya aiko da gudummawa, ku karɓa ku gode, amma riga mai hoto da hular siyasa su kwana a gida ranar.

Na taɓa ganin irin wannan a ƙauyenmu. Dattawa biyu, shekara guda ba sa ga maciji saboda zaɓen kansila. Aka yi rasuwa, aka tafi haƙan kabari, ƙasa ta yi tauri. Ɗaya yana cikin rami, gumi har ido, ya miƙo hannu ba tare da ya ɗaga kai ba, ɗayan ya ɗora masa diga. Da ya gaji, shi ɗin dai ya kamo hannunsa ya jawo shi waje. Ba wanda ya ce uffan. Bayan kwana uku na gan su a tabarma ɗaya wajen sadaka, suna gardamar farashin taki.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Sumaila, jihar Kano. Ta ce mijinta da ƙaninsa sun ɓata a kan siyasa, ɗaya jar hula, ɗaya ba ya son ganinta. Yanzu facalarta ta fice daga adashinsu, ta hana yaranta shigowa, ga bikin 'yarta ya matso. Tana tambaya ko ta kai mata goron gayyata ko ta ƙyale.

Hajiya, ki kai, kuma da ƙafarki, kada ki aiki yaro. Ke da kike Sumaila ma kin fi kowa sanin ƙarshen irin wannan faɗa, don ƙasarku ce ta haifi marigayi Abubakar Rimi. Tambayi iyayenki zamanin santsi da taɓo. Jam'iyyar PRP ɗaya ce ta ci Kano a 1979, ba a je ko'ina ba ta rabe, 'yan taɓo na bayan Malam Aminu Kano, 'yan santsi na bayan Rimi. An yi gaba a lokacin, an ƙaurace wa bukukuwan juna. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi, kafin shekarar ta fita soja suka karɓe mulki, daga Rimin har Sabon aka tsare su. Na baya-bayan nan kuwa kin gani da idonki. Ganduje sau biyu yana yi wa Kwankwaso mataimaki kafin su raba gari. Malam Shekarau ya shiga NNPP a 2022, bai rufa wata huɗu ba ya fita. Su manya suna ɓatawa su shirya gwargwadon lissafinsu. Ke kuwa facalarki ce za ta riƙe miki ƙwarya ranar suna.

Ga kuma maganar addini: hadisi ingantacce ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. In kin shiga, kada ki tayar da zancen maza. Ki ce mata ke ba ki iya harkar gara ba, ita kika dogara da ita. Mutum ya fi saurin saukowa in aka nuna ana bukatarsa fiye da in aka nuna masa laifinsa. Kuɗinta na adashi in akwai saura, ki ƙirga ki kai mata cif, kada a bar wannan ƙofa a buɗe. Amma ki sanar da maigida kafin ki fita, kada gyaran gangar auzinawa ya biyo baya.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani malamin firamare a Ɓaɓura. Famfon tuƙa-tuƙan unguwarsu ya lalace wata biyar, wasu sun ce ba za su ba da ko sisi ba tunda da fentin wata jam'iyya a jikinsa.

Malam, sau da yawa abin da ke mutuwa a famfon nan roba ce ko sanda, ba abin da sai an jira gwamna ba. Ku kafa kwamitin mutum biyar, ku sa mata biyu a ciki don su da 'ya'yansu ke shan wahalar ɗiba, ma'aji kuma ku ɗauko shi daga cikin masu ƙorafin. Ku rubuta wa kansilan mazaɓarku takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku ajiye kwafi. Ko ba ku zaɓe shi ba kansilanku ne, albashinsa daga dukiyar kowa yake fita. Shi kuwa fenti, in an gyara famfo a sayo gwangwani ɗaya na ruwan toka a shafe. Ka rubuto mana bayan mako biyu mu ji ko ruwa ya zo.